Talata, 15 ga Satumba 2020

Wajen magariba agogon Najeriya aka sa hannu kan takardun ƙulla hulɗa tsakanin Isra'ila da Daular Larabawa da Bahrain a farfajiyar Fadar White House. Mutum huɗu ne a teburin: Trump, firaministan Isra'ila Netanyahu, ministan harkokin wajen Daular Larabawa Abdullah bin Zayed, da na Bahrain Abdullatif al-Zayani. Muhammad bin Zayed, wanda ragamar Abu Dhabi take hannunsa, bai je ba. Sarki Hamad na Bahrain ma bai je ba.

Takardu uku ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba. Ta farko sanarwa ce ta kowa da kowa, cike da zancen zaman lafiya tsakanin zuriyar Annabi Ibrahim, ba ta ɗora wa kowa wani nauyi ba. Ta Daular Larabawa cikakkiyar yarjejeniya ce: ofisoshin jakadanci, biza, zirga-zirgar jiragen sama, zuba jari, lafiya, ruwa, makamashi. Sai kowane ɓangare ya tabbatar da ita a gida, an yi musayar takardun amincewa, sannan ta fara aiki. Ta Bahrain gajeriya ce ƙwarai, don kwana huɗu kacal da suka wuce aka sanar da shigarta.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da babu a rubuce. A sanarwar 13 ga Agusta an ce Isra'ila ta jingine shirin haɗe sassan Yammacin Kogin Jordan da ƙasarta, kuma da wannan ne Abu Dhabi ta kare matakinta a idon Larabawa. Yau Abdullah bin Zayed ya gode wa Netanyahu kan dakatarwar, amma da baki. Cikin yarjejeniyar ba a rubuta ta ba, ba a kuma ambaci ƙasar Falasɗinu ba. Tun a Agusta Netanyahu yake faɗa wa mutanensa cewa shirin yana nan, jinkiri kawai aka yi.

Wannan ya juya tsarin da Larabawa suka tsaya a kai tun taron Beirut na 2002, lokacin da Yarima Abdullah na Saudiyya ya kawo tayinsa: Isra'ila ta janye daga yankunan da ta mamaye a 1967, a kafa ƙasar Falasɗinu mai hedkwata a Gabashin Ƙudus, a warware batun 'yan gudun hijira, sannan duk Larabawa su ƙulla hulɗa da ita. Hulɗar ita ce kayan da ke hannunsu, kuma wanda ya miƙa kaya kafin ya ga kuɗi ba shi da sauran ciniki. Masar ta karɓi Sinai bayan yarjejeniyar 1979. Jordan a 1994 ta samu iyaka tabbatacciya, da kason ruwa, da amincewar cewa tana da matsayi na musamman kan wurare masu tsarki na Musulmi a Ƙudus. Waɗannan sun gwabza yaƙi da Isra'ila. Na yau ba su taɓa yi ba, iyaka ma ba su haɗa ba.

To me suke nema? Na farko tsoron Iran ne. Bara a wannan watan aka kai wa matatar man Abƙaiƙ ta Saudiyya harin da aka zargi Iran da shi, Amurka ba ta rama da soja ba, kuma sarakunan yankin sun lura. Sai jiragen yaƙi samfurin F-35 da Abu Dhabi ta daɗe tana so. A nan akwai cikas, domin dokar Amurka ta 2008 ta wajabta a bar Isra'ila a gaban maƙwabtanta wajen ingancin makamai, kuma cinikin sai ya bi ta majalisar dokoki.

Bahrain ce ta fi ɗaukar kasada. Gidan Al Khalifa mai sarautar ƙasar 'yan Sunni ne, akasarin 'yan ƙasa 'yan Shi'a, kuma tabon boren 2011 bai warke ba, lokacin da sojojin Saudiyya suka tsallako ta gadar Sarki Fahad. A 2018 Saudiyya, Daular Larabawa da Kuwait suka tallafe ta da dala biliyan 10. Ƙasa mai irin wannan dogaro ba za ta je Washington ba tare da yardar Riyad ba. Ita Saudiyya ta buɗe sararin samaniyarta, jirgin kamfanin El Al na Isra'ila ya ratsa ta ran 31 ga Agusta, amma Sarki Salman yana nan kan tayin 2002. Kuwait ba ta motsa ba.

Ana cikin jawabai aka harba rokoki daga Gaza zuwa garuruwan Ashdod da Ashkelon na Isra'ila. Makon jiya Falasɗinawa sun nemi Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta yi tir da matakin Abu Dhabi, ministocin suka ƙi amincewa da daftarin.