Manhajar littafin bashin kanti: inda aiki ya kai, da abin da ya raba injiniyancin manhaja da kimiyyar kwamfuta

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Ga bayanin inda aikin manhajar littafin bashi ya tsaya. Ga wanda bai fara da mu ba, ƙaramar manhaja ce ta mai kanti, da harshen rubuta manhaja na Python da rumbun bayanai na SQLite, aikinta ta riƙe sunan wanda ya ɗauki kaya bashi, abin da ya biya da abin da ya saura. Da gangan aka zaɓi aiki ƙarami, domin a cikinsa ne ake ganin amsar tambayar da sababbin shiga suka fi yi: mene ne bambancin injiniyancin manhaja da kimiyyar kwamfuta, tunda duka biyun kod ake rubutawa?

Ɗauki neman suna a cikin jeri. Kimiyyar kwamfuta za ta nuna maka cewa idan jerin yana a tsare, ka duba tsakiya, ka yar da rabin da sunan ba ya ciki, ka sake duba tsakiyar abin da ya rage. Da wannan dabara, a jeri mai suna 1,000,000 dubawa 20 ta isa, kuma za a kafa maka hujjar hakan da lissafi. Wannan ilimi ne na gaske, babu injiniyan da zai yi nisa ba tare da shi ba. To amma a shekarar 2006 wani injiniyan manhaja mai suna Joshua Bloch ya bayyana cewa wannan dabarar, yadda aka rubuta ta a ɗakin kayan aikin Java, wato tarin kod da ke zuwa a shirye tare da harshen Java, ta kwana da tangarɗa kusan shekara tara. Wajen gano tsakiya ana haɗa lambar matsayin farko a jerin da ta matsayin ƙarshe a raba biyu, idan jerin ya yi girma sosai sai jimillar ta wuce 2,147,483,647, wato iyakar abin da gurbin lamba mai bit 32 ke ɗauka, ta juye ta koma ƙasa da sifili. A takarda dabarar ba ta da aibi, a cikin na'ura ne ta karye. Injiniyanci yana zaune ne a wannan tazarar, tsakanin abin da ya yi daidai a takarda da abin da zai ci gaba da aiki a hannun mutane bayan an yi ta canja shi. Sunan injiniyancin manhaja kansa ya yaɗu ne daga wani taro da ƙungiyar NATO ta kira a Garmisch ta ƙasar Jamus a 1968, lokacin da manyan ayyukan manhaja ke cinye kuɗi da lokaci fiye da ƙima, ƙarshe kuma a miƙa su da matsaloli.

Matakin farko da aka kammala ba shi da kod ko layi ɗaya. Shafi guda ne na buƙatu, kowace buƙata a jimlar da za a iya gwadawa. "Manhaja ta yi sauƙi" ba buƙata ba ce, don babu yadda za a auna ta. "Mai kanti ya rubuta sabon bashi da cika gurbi uku: suna, kuɗi, kaya" buƙata ce. A wannan shafin ne aka yanke cewa dole manhajar ta yi aiki babu intanet, kuma ba za a taɓa goge wani shigarwa ba. Idan an rubuta 5,000 a maimakon 500, sai a ƙara layin gyara mai soke na farko, domin ranar da gardama ta tashi tsakanin mai kanti da abokin cinikinsa, tarihin ne shaida.

Sai tsarin rumbun bayanai: teburi biyu, na abokan ciniki da na shigarwa. Kuɗi a kobo ake ajiye shi, da cikakkiyar lamba, naira 1,250 ta zama 125000. Dalili: buɗe Python ka rubuta 0.1 + 0.2, za ka ga 0.30000000000000004, saboda lambobi masu ɗigo ba su zama cif-cif a tsarin sifili da ɗaya. Ajin kimiyyar kwamfuta ne ke bayyana sababin, injiniya kuma shi ke kafa doka cewa irin wannan lamba ba za ta kusanci kuɗin mutane ba. Lambar waya kuwa a matsayin rubutu ake ajiye ta, in ba haka ba sifilin farko na lambobinmu masu alƙaluma 11 zai faɗi. Kuma a tuna SQLite ba ya tilasta alaƙar teburi sai an ce masa. Duk lokacin da aka buɗe rumbun a aika masa PRAGMA foreign_keys = ON, idan ba haka ba zai karɓi bashin mutumin da babu shi a teburin abokan ciniki, bai ce uffan ba.

Inda aiki ya fi ɗaukar lokaci shi ne sunaye, kuma a nan muke so ku tsaya da kyau. Wanda ya haɗa umarnin SQL, wato harshen da ake yi wa rumbun bayanai magana da shi, ta hanyar liƙa rubutu da rubutu zai ga komai lafiya da Musa da Binta. Ranar da aka shigar da Sa'adatu ko Mu'azu, alamar hamza da ke tsakiyar sunan, wadda da irinta SQL ke buɗe rubutu ya rufe shi, za ta rufe rubutun tun bai ƙare ba, umarnin ya watse. Ta wannan ƙofar ce kuma masu kutse ke cusa nasu umarnin. Maganin: a sa alamar tambaya a gurbin kowace ƙima, a miƙa sunan daban, ɗakin kayan aikin ya ji da sauran.

Bayan wannan sai haruffa masu lanƙwasa. Umarnin LIKE na SQLite, wanda ake neman rubutu da shi, yana ɗaukar babban baƙi da ƙaramin baƙi abu ɗaya ne a haruffan Turanci kaɗai, saboda haka neman ɗanladi ba zai kawo Ɗanladi ba. Ga shi kuma mafi yawan masu kanti Danladi za su buga, don allon wayarsu ba shi da ɗ. Dabarar da ake cire wa haruffan Faransanci alamomin kansu ba ta aiki a nan, domin a Unicode, tsarin da kwamfuta ke ba kowane harafi lambarsa, ƙ da ɗ da ɓ haruffa ne masu zaman kansu, ba k da d da b ne aka ɗora wa alama ba. Abin da aka yi: an ƙara gurbi na biyu a teburin, na nema kawai. Kafin a ajiye suna, a mai da shi ƙananan baƙaƙe da lower na Python, wanda ya san waɗannan haruffa, sannan a bi da shi ta ɗan teburin sauyi da aka rubuta da hannu: ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, ƴ ta rubutun Nijar zuwa y, a kuma cire alamar hamza, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, don wayoyi sun bambanta wajen wadda suke sakawa. Sunan asali yana nan yadda aka rubuta shi, shi ake nunawa a fuska. Babu wani algoridim mai zurfi a nan, amma in babu wannan, mai kanti zai buɗe wa mutum ɗaya shafi biyu, bashinsa ya rabu.

Ba a ajiye jimillar bashi a wani gurbi. Duk lokacin da ake buƙata a haɗa shigarwar da SUM, umarnin tarawa na SQL. Da an ajiye ta daban, kowane biya zai zama rubutu biyu, caji ya ƙare a tsakaninsu, lissafi ya saɓa. A kanti mai abokan ciniki ɗari biyu ko uku, haɗawar ba ta ɗaukar ƙiftawar ido.

Gwaji da pytest ake yi, kayan gwajin kod na Python, kowane gwaji da sabon rumbu a ƙwaƙwalwar na'ura ta hanyar :memory:, don kada wani ya bar wa wani datti. Waɗanda ke akwai yanzu: biya daidai da bashi ya ba da sifili, biya fiye da bashi, kuɗi ƙasa da sifili a ƙi shi, suna mai hamza, suna mai lanƙwasa a neme shi babu lanƙwasar. Ƙa'idarmu ita ce duk tangarɗar da aka gano, a fara rubuta gwajin da ke faɗuwa saboda ita, sannan a gyara. Gwajin da ba a taɓa ganin ya faɗi ba, ba a san ko yana gwada wani abu ba.

Game da Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen kod, a taƙaice: kowane aiki da reshensa, wato kwafin da ake aiki a kai kafin a haɗa shi da babban kod, ajiya ƙanana masu bayanin dalili, fayil ɗin rumbun bayanai a cikin .gitignore, jerin fayilolin da Git zai ƙyale, don sunayen masu bashi ba abin ɗorawa GitHub ba ne, shafin intanet da ake ajiye kod, kuma babu wanda ke haɗa reshensa sai wani ya karanta. Mai karantawa ya sauke reshen ya kunna gwaje-gwajen a tasa kwamfutar, kada ya tsaya ga kallo.

Abin da ke gaba abu biyu ne. Na ɗaya kwafin ajiya: kada a kwafe fayil ɗin rumbun yana tsakiyar rubutu, a yi amfani da backup da ke cikin sqlite3 na Python, sannan a gwada dawo da kwafin a wata na'ura. Na biyu lokaci: SQLite yana ba da agogon UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya, Najeriya da Nijar kuma suna gaba da awa ɗaya, don haka bashin da aka rubuta 12:30 na dare zai faɗa lissafin jiya. Duk wanda zai ɗauki wannan, ya fara da rubuta gwajin 12:30 ɗin, ya turo reshensa a duba.