Yadda Muke Dawo da Hotunan da Suka Ɓace a Filashi

Bayan kowace Sallah, da lokacin da bukukuwa suka kankama a Kano, shagonmu ba ya rabuwa da mutanen da ke shigowa da filashi a hannu, hankali a tashe. Wani mai ɗaukar hoto ne da ya tara aikin kamu da ɗaurin aure wuri guda, wata uwa ce da hotunan saukar ɗanta, wani kuma rana ya sha a Ƙofar Kudu yana ɗaukar Hawan Daushe. Kowa abin da yake faɗa ke nan: "Malam, komai ya tafi." Sau da yawa kuwa ba inda suka je.

Yawancin filashi a tsarin jera fayil na FAT32 ko exFAT suke zuwa. Idan ka goge hoto, sunansa kawai ake sokewa a rajistar da filashin ke lissafa abin da ke cikinsa, kamar mai gidan haya ya cire sunan ɗan haya daga littafinsa alhali kayan mutumin na nan jibge a ɗaki, sai ranar da sabon ɗan haya ya tare. Shi ya sa tambayata ta farko ita ce: "Hajiya, an zuba wani abu a ciki bayan sun ɓace?" In ta ce a'a, sai in ji sanyi a raina. Fomat na gaggawa ma yakan bar hotunan. Cikakken fomat kuwa, tun daga Windows Vista, sifili yake rubutawa a ko'ina ya shafe komai, wannan sai haƙuri.

Ba na taɓa aiki a kan filashin mutum kai tsaye. Sai na fara kwafe shi ɗungurungum da manhajar ddrescue zuwa kwamfutata, in sa shi a ambulan da sunan mai shi, sannan in duƙufa a kan kwafin. PhotoRec, manhajar da nake ceto hotunan da ita, ba ruwanta da rajista, ita bin ciki take tana neman alamar FF D8 FF da kowane hoton JPEG yake farawa da ita. Hotunan sukan fito ba suna, wasu rabinsu toka-toka, sai na zauna na tsince su ta kwanan watan da kyamara ta buga a jikinsu. Wani lokacin ma cutar kwamfutar nan ce da ake kwasowa a shagunan buga takardu, wadda ke ɓoye folda ta bar inuwarta. Wannan aikin minti kaɗan ne, kuma ba na caje shi da tsada.

Maigidana da ya koya min aiki a wajajen Beirut Road, Allah ya saka masa da alheri, ya daɗe bai bar ni na taɓa kayan kowa ba. Matattun filashi yake zube min a tire, in fasa su in koyi bambance guntun da ke ajiya da wanda ke sarrafa shi. A ƙarƙashin madubin ƙara girma na koyi liƙa ƙafafu huɗun nan na bakin filashi da dalma, hannu ba ya rawa, numfashi a riƙe. Har yau in aka kawo wanda yaro ya lanƙwasa a jikin kwamfuta, wannan horon nake ci.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne jabu. A sayar wa bawan Allah filashi an rubuta giga 128, alhali na ciki bai fi 8 ba, an yi wa guntun da ke sarrafa shi dabara ne kawai ya riƙa nuna ƙarya. Ya yi ta zuba hotuna yana ganin sunayensu reras, ran da ya buɗe ya tarar ba komai. Hoton da bai taɓa sauka ba, wa zai dawo da shi? Wallahi ranar da na gaya wa wata dattijuwa haka game da hotunan marigayi mijinta, ban iya cin abinci ba. Duk filashin da zan sayar sai na cika shi taf da manhajar gwaji ta H2testw na tabbatar da girmansa, kuma dilan da ya taɓa kawo min jabu mun rabu ke nan.

Ga kuma masu araha, waɗanda suka sauke manhajar kyauta jiya, yau sun kafa allo. Su dawo da hotunan su sake zuba su cikin filashin da ake ceto, su danne ragowar da hannunsu. Sai an lalata a zo min ana cewa: "Haba Malam, danna madanni ne fa kawai, a rage mana." Nakan ce, Alhaji, in ban dawo da komai ba kada ka ba ni ko sisi.

Hotunan iyali kuwa amana ne. Yarana sun sani ba a kallon hoton matan mutane, ba a tura shi a waya, kuma ana miƙa aiki nake goge kwafina a gaban mai shi. In naka ya sami matsala, zare shi, in kwamfuta ta ce a yi fomat ka ƙi, ka kawo shi yadda yake, ka haɗo da wani lafiyayye da za mu juye maka a ciki.