Jinkirin da aka rubuta da sunana

Tun da labari ya bazu cewa zan bar ɗakin siginar jirgin ƙasa da na koyi aiki a cikinsa, inda ake ba jirage hanya, zuwa wani wuri, matasan da ke neman wannan aiki suke ta tambayata yadda ake cike takardar nema da irin jarrabawar da ake yi. Ina amsa musu gwargwadon sanina, sai dai wannan ɓangaren shi ne mafi sauƙi, domin abin da ya kusa raba ni da aikin bai zo ba sai bayan na ci duk wata jarrabawa da ake rubutawa a takarda.

Batun neman aikin ba shi da wani sirri, haƙuri kawai yake buƙata. Za a gwada yadda mutum yake tattara hankalinsa a kan abu ɗaya na tsawon lokaci, da yadda yake riƙe bayani idan an faɗa masa sau ɗaya, sannan likita ya duba jinsa da ganinsa, musamman rarrabe launuka, tunda wanda ba ya bambanta ja da kore ba shi da wurin zama a wannan sana'a. Akwai gwajin ƙwaya da barasa, akwai kuma jira mai tsawo tsakanin kowane mataki da na gaba, wanda a nan ne da yawa suke karaya. A wajen ganawa, tambayar da ta fi nauyi ita ce mutum ya kawo misalin lokacin da ya bi doka alhali binta ya jawo masa asara ko fushin wani. Na amsa ta da gaskiya, kuma na ɗauka cewa ma'aikatar da take yin irin wannan tambaya za ta tsaya wa duk wanda ya aikata abin da ya faɗa. Yawancin mutanen da na yi aiki da su sun tsaya, amma ba duka ba.

A makarantar horo, duk littafin dokoki da kaurinsa a kan magana ɗaya aka gina shi: jirgi ɗaya a sashe ɗaya na layi a lokaci ɗaya. Jirgin da ke gudun kilomita 160 a awa yana buƙatar fiye da kilomita ɗaya kafin ya tsaya, saboda ƙarfe ne yake birgima a kan ƙarfe, don haka direba ba zai iya dogaro da idonsa ba, da sigina yake dogaro, siginar kuma tana hannunmu. A farkon tarihin jirgin ƙasa tazarar lokaci ake bari tsakanin jirage, a saki na biyu bayan wasu mintuna da wucewar na farko ba tare da sanin ko na farkon ya lalace a hanya ba. Sai da mutum 80 suka rasu a Armagh ta ƙasar Ailan a 1889, da yawansu yara ne, kafin majalisar Birtaniya ta tilasta wa layukan fasinja raba hanya sashe-sashe, da kulle sigina da makarkatar layi, wato abin da ke karkatar da jirgi daga wani layi zuwa wani, ta yadda ba za su saɓa wa juna ba, da birki mai kama kansa. An kuma koya mana na'urar gano jirgi da William Robinson ya ƙirƙiro a Amurka a 1872, wadda take tura ƙaramar wuta ta cikin dogo, idan ƙafafun jirgi suka hau sai su gajarce wa wutar hanya, allon da ke gaban mai sigina ya nuna sashen a cike. Hikimarta ita ce idan waya ta tsinke ko dogo ya karye, sashen a cike zai nuna, sigina ta koma ja. An gina na'urar ne domin ta yi kuskure zuwa ɓangaren aminci, mutum kuwa yana iya kuskure zuwa ɗaya ɓangaren.

Malamin da ya koyar da mu ya daɗe a kan haɗarin Quintinshill na ƙasar Sukotilan, ranar 22 ga Mayun 1915, inda sama da mutum 220 suka mutu, akasarinsu sojoji. Masu sigina biyu ne suka yi wa kansu yarjejeniya: maimakon su miƙa aiki da ƙarfe 6 na safe, sai mai aikin rana ya riƙa zuwa da wajen 6:30, na dare kuma ya rubuta motsin jirage a wata takarda daban domin ɗan'uwansa ya kwafe a rajista, wato littafin aikin ɗakin, da rubutun hannunsa. A safiyar, an ajiye wani jirgin fasinja a kan layin da ba nasa ba, ba a sa wa libar sigina, wato sandar da ake ja a sauya sigina, zoben da ke tunatar da cewa akwai jirgi a layin ba, mai aikin rana yana can yana kwafar rajista, ya manta da jirgin da shi kansa ya zo a cikinsa, ya ba jirgin sojoji hanya. Malamin ya ce mu lura cewa waɗannan mutane ba baƙi ba ne a aikin, ƙwararru ne da suka daɗe suna yanke hanya, wato suna tsallake doka, ba tare da komai ya faru ba.

Da wannan karatu a kaina aka tura ni ɗakin da zan koyi aiki a ƙarƙashin wani tsohon hannu, wanda sa hannunsa ne zai nuna na isa a bar ni ni kaɗai. Ba zan tauye masa haƙƙi ba: ya san layin nan kamar tafin hannunsa, yana iya tsara jirage masu karo da juna a mahaɗa ba tare da ya kalli jadawali ba, kuma direbobi suna girmama muryarsa. Amma ma'auninsa na mai sigina ɗaya ne tak, wato sauri. Idan na maimaita wa shugaban masu gyaran layi saƙonsa kalma bayan kalma kafin in toshe masa hanya domin kada jirgi ya shigo inda suke aiki, sai ya buga tebur ya ce ina cinye lokaci. Idan na sa abin tunatarwa a kan siginar da ke kare su, sai ya ce ai kowa ya san suna wurin. Rajista kuwa a ganinsa abu ne da ake cikewa idan an sami sarari. Maganarsa kullum ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma abin da aka koya mana a makaranta na masu makaranta ne.

Ranar da abin ya faru da yamma ne, lokacin da jirage suka fi yawa. Wani jirgin kaya ya wuce, allo ya nuna shi ya shiga sashen gaba, amma sashen da ya baro ya ci gaba da nuna ja kamar akwai abu a kansa. Bayansa jirgin fasinja yana tsaye a sigina, direban ya kira. Doka a nan ba ta da harshen damo: kafin in ba direba izinin wuce jar sigina, dole in tabbatar jirgin da ya gabata ya fita daga sashen gaba ɗayansa, har da jar fitilar da ke bayan tarago na ƙarshe, domin sashen da ya ƙi sakewa yana iya nufin na'ura ta lalace, yana kuma iya nufin jirgi ya tsinke ya bar taragai a hanya. Na ce wa direban ya dakata, na ɗauki ɗaya wayar ina neman wanda zai ga bayan jirgin kayan.

Maigidan, wato tsohon hannun da ke koya mini, ya taso ya tsaya a kaina. Ya ce, "Yaro, wannan sashen kullum haka yake yi idan ƙasa ta jiƙe. Ba shi hanya." Na ce, "Ranka ya daɗe, ban sami tabbacin fitilar baya ba tukuna." Ya ce shi ya ba ni tabbaci. Na ce, "To, Yallaɓai, idan haka ne ka karɓi allon, in rubuta a rajista cewa ka karɓa, sai ka ba shi izinin da muryarka." Bai karɓa ba. Ya koma kujerarsa ya harɗe hannu, ni kuma hannuna yana rawa a kan wayar har sai da mai siginar da ke gaba ya kira ya ce jirgin ya wuce shi cikakke da fitilarsa. Daga nan na kira direban, na faɗa masa lambar siginar harafi-harafi, na ce ya wuce ta tana ja, ya tafi da takatsantsan a gudun da zai iya tsayawa kafin duk wani abin da ya gani, ya kuma duba mini layin. Ya maimaita, na tabbatar, ya tafi.

Babu komai a sashen. Na'urar ce ta lalace, kamar yadda maigidan ya faɗa. 'Yan mintunan da jirgin ya yi a tsaye suka taɓa na bayansa, suka taɓa wani da ke jiran mahaɗa, kuma da aka zo raba alhakin jinkiri sai wani kaso ya faɗo a kan ɗakinmu. A rahoton da ya rubuta a kaina ya ce ba na iya yanke hukunci idan aiki ya yi zafi, kuma ba na karɓar gyara daga na gaba da ni. Ban ga rahoton ba sai bayan ya isa ofis. Aka ƙara mini wa'adin koyo, waɗanda muka fito makaranta tare suka karɓi ɗakunansu ina nan ina ɗaukar albashin ɗan koyo, kuma a kowane canjin aiki ina jin yadda hira take mutuwa idan na shigo.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ba ni da abin da zan nuna. Duk maganar da aka yi ta waya ana naɗarta, kuma da aka saurari faifan ba a sami kuskure ko ɗaya a abin da na faɗa wa direba ba, amma umarnin da aka ba ni a tsaye a kaina bai bi ta waya ba, saboda haka a wurin ofis bai faru ba. Da na bi maganarsa jirgin ya wuce lafiya, da an yaba mini da kuzari. Da na bi ta kuma aka sami tarago a hanya, muryata ce a faifan, sunana ne a rajista, kuma ba na jin zai tashi ya ce shi ya sa ni. A wannan sana'a mai yanke hanya yakan yi daidai sau da yawa, har ya fara ɗaukar sa'arsa a matsayin gwaninta, mai bin doka kuwa ba ya samun shaidar cewa ya hana wani abu, tunda abin bai faru ba. Duk lokacin da na'ura ta lalace aka koma ga izinin baki, katangar da injiniyoyi suka gina ta faɗi, saura mutum ɗaya da waya. A Bad Aibling ta Jamus, ranar 9 ga Fabrairun 2016, mai ba da hanya ya yi amfani da siginar madadi, wadda ke ba direba izinin wuce jar sigina, ya saki jirgi cikin layi guda da wani jirgin yake tahowa a kai, hankalinsa yana kan wasa a wayarsa, mutum 12 suka rasa rayukansu. Na'urorin wurin sun hana, mutum ne ya tsallake su.

Daga baya wani mai duba aiki daga wani wuri ya zo ya zauna da ni, ya jefa mini matsaloli iri-iri, ya karanta rajistata shafi-shafi, ya sa hannu ba tare da gardama ba. Abu ɗaya ya tambaye ni game da ranar, wato dalilin da ya sa ban rubuta a rajista cewa an umarce ni da saɓa doka ba. Na gaya masa ban san ɗan koyo yana da wannan damar ba, domin babu wanda ya taɓa faɗa mana. Yana da ita, kuma ina so duk mai shigowa ya sani: rajista ba ta jirage kaɗai ba ce, duk abin da ya shafi tsaron layi yana da gurbi a cikinta, da lokacinsa, a daidai sa'ar da ya faru.

Sauran abubuwan da na koya ba su kai wannan nauyi ba. Aikin dare yana cin mutum a hankali, kuma barcin rana sai an kare shi kamar yadda ake kare lokacin aiki. Sa'o'in da babu jirage sun fi na cunkoso haɗari, domin a nan hankali yake tafiya yawo. Wanda zai karɓi aiki kada ya yarda da "komai lafiya", ya bi allon sigina bayan sigina tare da mai miƙawa. Direban da yake faɗa a waya yawanci tsoro ne ko gajiya, muryar da ba ta tashi ba ita take kwantar da shi. Masu gyaran layi kuma rayukansu ne suke ba ka amana idan suka ce ka toshe musu hanya, ko da sun faɗa cikin raha.

Maigidan yana nan a ɗakinsa, an kuma ba shi wani ɗan koyon. Muna gaisawa, kuma har yanzu wasu dabarun tsara jirage da nake amfani da su nasa ne. Amma rahotonsa yana cikin fayil ɗina, zai bi ni inda zan je, kuma ba a cire ko kalma ɗaya daga cikinsa ba. Na rubuta wa ofis ina roƙon a riƙa nuna wa ɗan koyo duk rahoton da aka yi a kansa kafin a aika, a ba shi wurin rubuta nasa bayanin, kuma kada makomarsa ta rataya a kan sa hannun mutum ɗaya. An amsa mini cewa an karɓi takardar. Kafin in tafi na kira sabon ɗan koyon gefe, na nuna masa shafin da ake rubuta irin wannan umarni a rajista, na kuma ba shi lambar mai duba aikin.