Alhamis, ranar kasuwar Dole

Hazo ya rufe Damagaram tun asuba, ko duwatsun Birni ba a hangowa sosai. Famfonmu bai kawo ko ɗigo ba, sai da mai ga-ruwa ya turo kurarsa muka samu na shayi da na wankan yara. Na kunna rediyo ina ɗaura agogo, sai ga labarin wani hari a yankin Tillaberi. Na kashe, don kada yara su tafi lakol da shi a kunne, amma ni da shi na fita.

A ɗakin malamai hira ta canza tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Da can kowa da jam'iyyarsa, a yi ta musu har a buga ƙararrawa. Yanzu jam'iyyun ma babu su, an rusa su a watan Maris na 2025, lokacin da aka rantsar da Janar Tiani a kan wa'adin shekara biyar. A cikinmu akwai masu murna da gaske da fitar sojojin Faransa a ƙarshen 2023 da ficewarmu daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, akwai kuma waɗanda tsarewar da ake yi wa hamɓararren shugaba Bazoum take ci musu rai. Dukkansu mutanen kirki ne, na san gidajensu, na ci tuwon sunan 'ya'yansu. Sai dai in zancen ya taso, kowa kan sassauta murya ya dubi ƙofa. Wannan duban ƙofar ya fi komai damuna.

Bayan an tashi na wuce kasuwar Dole, don Kawu ya aiko cewa zai shigo daga ƙauyenmu na wajen Matamaye da buhunan wake. Na same shi ya riga ya sayar, yana zaune a kan buhu guda da ya rage mana, ya naɗe kai da rawani saboda ƙura. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida da dabbobi. Ya ce tumaki sun yi ƙiba bana, gawo ya zubo da 'ya'ya sosai.

Daga nan zance ya tafi kan gawo, kuma in Kawu ya kama wannan zance ba ya gajiya. Ya ce bayan farin 1984 gonar kakanmu fili ce fetal, in ka tsaya a bakinta kana hango garin gaba. Iska takan binne shuka da rairayi, sai an sake shuka sau da yawa kafin hatsi ya kama. A lokacin itacen gona na gwamnati ne, malaman daji na iya cin ka tara a kan reshe ɗaya, don haka manomi ya gwammace ya sare toho tun yana ƙarami ya huta da rigima. Sannu a hankali mutane suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututture, su zaɓi mai ƙarfi su rage sauran, abin da ake kira sassaben zamani. Dokar karkara ta 1993 da ta gandun daji ta 2004 suka ƙara wa manomi ƙarfin gwiwar cewa itacen da ya raina nasa ne. Gawo kuwa itace ne mai halin kansa: da damina yake kaɗe ganye, bai tare wa hatsi rana, da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar taki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman Nijar, musamman na Maradi da Damagaram, sun farfaɗo da hekta kusan miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200. Duk wanda ya bi hanyar Magarya ko Mirriya ya gani da idonsa.

Da magariba ƙanena ya zo gida a kan babur ɗinsa. Ya gama Jami'ar André Salifou, takardarsa na cikin akwati, kabu-kabu yake yi. Ya durƙusa ya gaida Kawu, aka ɗora shayi. Ban san yadda aka yi zancen ƙasa ya shigo ba, sai dai na ji ya ce, "Yaya, ku daina wahalar da kanku. Farar hula da soja duk kanwar ja ce. Kowa ya hau ci zai yi ya sauka." Ba da fushi ya faɗa ba, da sanyin murya ya faɗa, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Ban ga laifinsa ba. Yaron da ya yi karatu da fitilar waya lokacin da Nijeriya ta yanke mana wuta a 2023, ya ga an rufe iyaka farashin shinkafa ya haura, ya ga tsohon masallacin Birni ya rushe a ruwan Satumban 2024, yana da hujjar gajiya. Amma na ƙi yarda da maganarsa, kuma na gaya masa. Wanda ya ce duk ɗaya ne ya sauke wa mai mulki nauyi, don ya daina jiran komai daga gare shi, ba zai tambaye shi ina ruwa ba, ina albashin malaman kwantaragi, yaushe za a koma zaɓe. Ni ina so in ci gaba da tambaya, ko da a hankali ne, kuma ba a tambayar abin da aka fid da rai da shi. Ban ce masa ya gaskata kowane alkawari ba. Ni ma ban gaskata ba.

Kawu bai sa baki ba sai da aka zuba na biyu. Ya ƙirga da yatsunsa: Kunce ya kifar da Diori a 1974, Ba'are ya kifar da Mahamman Usman, ɗan garin nan, a 1996, sai Wanke a 1999, Salu Jibo a 2010, sai na yanzu. Ya ce, "Duk ina raye aka yi su, ɗana, kuma ba ɗaya ba ne, kowanne da abin da ya zo da shi, mai daɗi da marar daɗi. Gawon da ke tsakiyar gonarmu zamanin Ali Shaibu na bar shi, yana kai mini nan." Ya nuna gwiwarsa. "Da na ce sai ƙasa ta daidaita zan bar shi, da yau tumakin nan ba su da abin ci."

Ƙanena bai ce ya yarda ba. Ya ce itace daban, aikin yi daban, kuma gaskiyarsa ne, gawo ba zai ba shi albashi ba. Amma ya tambayi Kawu ko fadamar da ke bayan gari har yanzu tana riƙe ruwa zuwa bazara, da nawa ake sayar da injin ban ruwa na hannu a Matamaye. Sun daɗe a kan wannan, har da lissafin buhun albasa, ni ina gefe ina gyaran takardun yara.

Jibi Asabar akwai taron iyayen yara a lakol, a kan ajin zana da iska ta kwashe wa rufi. Bara mutane kaɗan suka zo. Na rubuta takardun gayyata da hannu, gobe bayan Juma'a zan bi gida-gida in kai, kuma ƙanena ya ce zai ɗauke ni a babur bayan ya sauke Kawu a tasha.