Godiya ga duk wanda ya ɗauki ruwa ya kai wa itatuwan yaranmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Jiya Asabar muka yi taron cika shekara guda da dasa itatuwa a harabar makarantarmu da bakin hanyar kasuwa, a nan garinmu na yankin Babura, Jihar Jigawa. Ba zan iya bin kowa gida-gida ba, shi ya sa na rubuto wannan, a madadina da sauran malaman da ke kula da ƙungiyar muhalli ta ɗalibai.

Mutanen gari sun san ba wannan ne dashenmu na farko ba. Shekarar da ta gabaci bara mun yi dashe ranar 5 ga Yuni, don ya dace da Ranar Muhalli ta Duniya. Aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna, aka watse. Damina ba ta zauna ba tukuna, shinge kuma babu. Kafin wata ya zagayo, wanda rana ba ta ƙone ba akuya ta cinye. Yara suka riƙa zuwa suna tambayata ina itatuwansu, ni kuwa ba ni da amsa. Da muka sake shiri sai muka yi wa juna alkawari: dashe sai Yuli, ruwa ya zauna, kuma ba za mu tara kowa ba sai itatuwan sun wuce rani da bazara sun ga wata daminar. Alhamdu lillahi, jiya Allah ya nuna mana.

Bayan godiya ga Allah, ta farko taku ce, ɗalibaina. Ku kuka bi tasha da kasuwa kuna tsintar ledar fiya-wata, kuka yanke bakinta, kuka huda gindinta, kuka cika da ƙasa da yashi da takin gida. Ledar da ke toshe mana kwata, wadda tumaki ke haɗiya su rame su mutu, ita ta zama gidan renon gawo da kuka da tsamiya da aduwa da zogale da darbejiya. Kowane yaro ya ɗauki itacensa ya ɗaura masa alama. Akwai 'yan mata uku da ba su taɓa fashin ban ruwa ba ko a hutu, kuma na ga wanda ke zuwa da ƙaninsa a goye. Allah ya yi muku albarka, ya raya ku kamar yadda kuka raya su.

Sai Baba, dattijon da ya buɗe mana gonarsa. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. A aji na sha gaya wa yara cewa saiwar gawo tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, suna rubutawa suna mantawa. Ranar da ka tsayar da su a gindin gawonka, wata yarinya ta tambaye ka me ya sa shi kaɗai ya yi tsirara alhali ko'ina ya yi kore. Ka ce ta dubi geron da ke ƙarƙashinsa, ta dubi na can nesa. Ka nuna musu yadda yake zubar da ganye da shigowar damina ya bar wa shuka rana da taki, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi. Daga nan ka kai su wurin wani kututture da ya yi tofo, ka zaɓi rassa biyu masu ƙarfi ka sare sauran. Ka ce wannan shi ne sassaben zamani da ka gani wajen 'yan'uwanka a Magarya da Matamaye ta Jamhuriyar Nijar, inda gonaki suka cika da gawon da ba wanda ya dasa, barin sa kawai aka yi ya tashi. Yanzu iyaye da dama sun gaya mini 'ya'yansu na hana su tumɓuke tofo lokacin sharar gona. Har ga Allah, wannan darasi na yini ɗaya ya fi abin da na koyar a zango guda.

Muna godiya ga malamin daji da ya zo da kansa ya koya mana jiƙa irin gawo da na kuka a ruwan zafi, saboda taurin ɓawonsu. Shi ya ba yara labarin shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, na dasa itatuwa don tare hamada daga Senegal har Jibuti, ya ce Jigawa na cikin jihohi 11 na Najeriya da ke bakin hamada. Yaran sun ji daɗin sanin 'yan ledojinsu na cikin wani aiki mai faɗi haka.

Wahalar gaske a watan Afrilu ta zo, lokacin da famfon tuƙa-tuƙa na makaranta ya lalace ana tsakiyar zafi. Na fara fid da rai. A nan ne gari ya tashi. 'Yan ga-ruwa suka riƙa sauke mana jarka ɗaya daga kowace kura da yamma, ba su karɓi ko sisi ba. Wani bawan Allah ya ba da amalankensa da shanunsa kullum bayan la'asar. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam, ya sa aka ajiye baho a wurin alwala don kada ruwan ya tafi a banza, kuma ya tunatar da jama'a a huɗuba hadisin da ke cewa duk musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Iyayenmu mata kuma, ku kuka kawo dabarar da ta cece mu: tsofaffin tuluna masu tsaga, a binne su kusa da saiwa, a cika a rufe, ruwa ya riƙa tsatsafowa a hankali kwana da kwanaki. Ku ne kuma kuka tara mana tokar murhu da gara ta taso wa dashen. Ba mu da abin biyanku sai addu'a.

Ranka ya daɗe Mai Gari, mun gode da shelar da aka yi kan sakin awaki a bakin hanya. Ardo ma ya cancanci a faɗa a bainar jama'a: ranar da shanu suka karya shingen gabas, shi da 'ya'yansa suka saro ƙayar magarya suka gyara tun kafin mu je da magana.

Ba duka suka rayu ba. Tsamiyoyin bakin hanya yawancinsu sun bushe, kuma wani yaro ya yi kuka sosai da nasa ya mutu bayan wata tara yana ɗawainiya da shi. Jiya shi muka fara miƙa wa sabon dashe, mahaifinsa ya haƙa masa ramin da hannunsa.

Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini, Allah ya san aikinsa, shi zai biya shi. Asabar mai zuwa da ƙarfe 8 na safe za mu cike guraben da suka rage a bakin hanyar kasuwa tun ƙasa na da danshi. Mai tsohon tulu ko kara ko ƙaya ya aiko da shi makaranta, ko ya faɗa wa kowane ɗalibi mu zo mu ɗauka.

Allah ya saka da alheri, ya ba mu damina mai albarka.