Kwana Biyu a Bakin Kogin Elbe

Jiya na dawo daga birnin Hambug na Jamus, har yanzu kukan jiragen ruwa bai bar kunnena ba. Labarin hanya ba sai na ɓata muku lokaci ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne HafenCity, tsohuwar tashar jiragen ruwa mai faɗin hekta 157 da Jamusawa suka mayar unguwa da wurin shan iska.

Na zaci zan tarar da katanga tsakanina da kogin, don ruwan nan ba ya wasa: ambaliyar 1962 ta ci mutum fiye da 300 a birnin. Ashe babu. Wani dattijo ya gan ni ina ta leƙe-leƙe a matakalar Magellan, wurin zama a bakin ruwa, ya matsa min wuri, ya warware min zancen. Gidaje da tituna kan ciko aka ɗora su, sama da mita 7 daga matakin teku, hanyar yawo ta bakin ruwa kuwa da gangan aka bar ta ƙasa. In kogi ya cika ya hau ta, sai shagunan wurin su ja ƙofofin ƙarfe. Ya janye, a share laka a ci gaba da harka. Na yi shiru. Da mu ne da wannan fili, da tuni wani mai hali ya kewaye shi da waya ya sa maigadi.

Tsofaffin injinan ɗaga kaya ma ba su sayar wa 'yan gwangwan ba, suna nan tsaye yara na wasa ƙarƙashinsu. Gidan kiɗan Elbphilharmonie, da aka buɗe a 2017 bayan ya lashe fiye da Yuro miliyan 800, kan tsohon siton koko da taba yake zaune. Na hau barandarsa, mita 37 daga ƙasa, ko kwabo ban biya ba.

Amma fa zama ne kyauta. Shayi ɗan kofi Yuro 4, bayan gida ma sai da kuɗi. Ga wani mai keke da ya zazzaga min masifa don na taka layinsa, ko sannu babu.

Washegari na shiga jirgin fito da tikitina na bas, na zaga Speicherstadt, tsohuwar unguwar sito-sito, a gurguje, ruwan sama ya koro ni masauki.