Zare da lissafi: wasiƙa daga Ingila a kwanakin kullen korona na 2020

Assalamu alaikum 'yan'uwa,

Da fatan kuna lafiya. Tun daren 23 ga Maris da Firayim Minista Boris Johnson ya fito a talabijin ya ce kowa ya zauna gida saboda annobar korona, ni da kujerar falo muka zama tif da taya. Ana fita sau ɗaya a rana don motsa jiki, sai kuma sayen abin da ya zama dole. Litinin da Asabar duk kamanninsu ɗaya. Tafin da maƙwabta ke yi wa ma'aikatan lafiya ranar Alhamis da ƙarfe 8 na dare ne kaɗai ke tuna mini ranar da ake ciki.

Kun san ni da saƙa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ba saƙar kanta ta fi faranta mini rai a kwanakin nan ba, shirin ta ne. Da safe nakan zazzage jakar zare a kan gado, in jera dunƙulen nan kusa da wancan, in kai su bakin taga, domin launin da wutar lantarki ke nuna maka ba shi ne na gaskiya ba. Shuɗi da ruwan toka sun yi kwana uku a gefen taga kafin in amince su zauna a riga ɗaya.

Sai lissafi. Kafin a fara rigar sanyi, ana saƙa ɗan gwaji, a wanke shi, ya bushe, sannan a ɗora ma'auni a ƙirga ido (wato ɗaurin zare ɗaya-ɗaya na saƙar) nawa ke cikin santimita 10. Takardar zarena ta ce ido 22 da allura mai kaurin milimita 4. Ni 20 na samu, hannuna sake gare shi. Za ku ce ido biyu ai ba komai, to amma a ƙirji mai zagayen santimita 100, rigar za ta ƙaru da santimita 10 cif. Na koma allura mai milimita 3.5, na sake gwaji. Wallahi daɗin da na ji da lissafin ya fito daidai ya wuce misali.

Na yi ɓarna ɗaya. Zare ya gaza, na yi odar ƙari ta intanet ban duba lambar rini da ke jikin takarda ba. Mai kawo saƙo ya ajiye a bakin ƙofa ya ja da baya mita biyu, na buɗe da ɗoki, sai ga shuɗi mai ɗan duhu. Sunan launi ɗaya, tukunyar rini daban. Na yi tsaki, daga baya na yanke shawarar ya tafi wuya da bakin hannu, a zaci ado ne.

Yanzu hankalina na kan salon Fair Isle, na wani ƙaramin tsibiri a Shetland ta arewacin Scotland, wanda ba a wuce launi biyu a layi ɗaya. Ban taɓa gwadawa ba. Na dai cika shafi huɗu na takarda mai gida-gida da zanen fensir, hula ce ta ɗiyar ƙanwata. Ku auno mini zagayen kanta da zare, ku ɗora a ma'auni, ku turo mini lambar kafin in ɗaura ido na farko.

Taku har kullum,
'yar'uwarku a Ingila